Amsa ga 'yar'uwar da aka yanke wa ɗanta tallafin gashin ƙashi

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na ga tambayarki cewa cibiyar da ke yi wa ɗanki gashin ƙashi kyauta ta ce kuɗin tallafi ya yanke, kina neman shawara ko ki ɗan dakata da gashin da maganin farfaɗiyar har al'amura su daidaita. Don girman Allah kada ki taɓa maganin nan. Maganin farfaɗiya ba a tsayar da shi rana tsaka, ciwon yana iya dawowa ya fi na da tsanani, yaro ya yi ta jijjiga ba ƙaƙƙautawa. Idan wanda ake rubuta masa ya fi ƙarfinki, ki koma wurin likitan ki gaya masa gaskiya ba ki da shi. Akwai masu sauƙin kuɗi irin su phenobarbitone, amma likita ne zai ce ko ya dace da ɗanki, ba mai kyamis ba.

Wallahi da na karanta rubutunki sai da na ajiye wayar. Mu ma abin da ya same mu ke nan. Nawa ɗan ciwon shawara ne ya kama shi yana jariri ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, har yau ba ya zama da kansa. Tun da Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025, aka zo aka rufe USAID, hukumar ba da tallafi ta Amurka, gaba ɗaya, ita ma Birtaniya ta ce za ta rage nata, ƙananan ƙungiyoyin da muke raɓe da su suka fara janye jiki. Tamu takarda kawai aka manna a ƙofa. Ni ban ga laifin ma'aikatan ba, su ma sallamar su aka yi. Amma takalmin gyaran ƙafar da suka yi wa ɗana ya matse shi, har ya ci masa idon sawu ya bar jan tabo, kuma babu mai sake auna shi. Ina ji ina gani dugadugansa suka fara ƙagewa, yatsun suna kallon ƙasa.

Abin da ya fi ci min rai ma ba wannan ba ne. Yayan maigidana ne. Mutumin da ke da shaguna a kasuwa, wanda bai taɓa sayo wa yaron nan ko ƙunzugu ɗaya ba. Maigida ya je wurinsa neman rancen kuɗin magani, sai ga shi ya tako har gida. Ya tsaya a tsakar gida, bai ko zauna a tabarmar da na shimfiɗa masa ba, ya ce tunda Turawan sun gaji, me zai hana a riƙa sa yaron a baro ana kai shi bakin masallacin Juma'a, ai irinsu su suke ciyar da gida. A gaban yaron ya faɗa. Mutane suna ɗauka ba ya ganewa don ba ya magana, alhali yana jin komai, na ga yadda ya kafe shi da ido. Ban ce uffan ba saboda girman maigida, amma ranar ko ruwa kasa wuce min wuya ya yi. Har yau idan ya shigo na gaishe shi, maganar nan ce take fara faɗo min. Na bar shi da Allah.

Ki yi haƙuri na kauce. Batun gashi, ki nemi wanda yake yi masa ko da sau ɗaya ne, ki biya idan da hali, ki ce ya koya miki da hannunki: yadda ake miƙe gwiwa da dunduniya a hankali ba fizga, yadda ake kwantar da shi rub da ciki, yadda ake zaunar da shi a kusurwar ɗaki da matasai. Ki sa wani ya ɗauki bidiyo. Ki riƙa juya masa kwanciya kada gyambo ya fito a ƙugu, don jinyar gyambo ta fi kuɗin gashin nesa ba kusa ba. Ni yanzu asibitin gwamnati nake kai shi jefi-jefi a duba, sauran a gida. Kuɗin adaidaita kaɗai tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya isa ya hana mutum fita, ga shi sai an ɗauki shata saboda keken guragun yaron.

Kuma ki kula da yayyensa mata. Da kuɗi ya yanke, su ake fara cirewa daga makaranta su zauna raino don uwa ta fita nema. Na ga gidaje a nan unguwar da aka yi haka, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce a ba su ilimi kyauta har sakandare, masu lalurar ƙwaƙwalwa kuma a duba su kyauta a asibitocin gwamnati. Mun san yadda ake yi da doka a ƙasar nan, amma ki riƙa ambaton ta, wani lokacin ana jin nauyi. Ki je sashen walwalar marasa lafiya na asibitin ki cike takardar neman rangwame. Idan a Kano kike ki tambayi KSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar, shirinsu na marasa galihu. A Jigawa kuma tun zamanin Sule Lamido ake ba masu nakasa alawus duk wata, ki bincika a ƙaramar hukumarku ko za a sa sunansa.

Ki faɗa min garin da kike da shekarun yaron. Akwai kujerar zama da kafinta ya yi wa nawa, ta yi masa kaɗan yanzu, idan kuna kusa sai a san yadda za a kawo miki. Allah ya ba shi lafiya, ya ƙara miki juriya.