Guɗar Inna a kwamfutar ofis

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Saƙonka ya iso. Ka ce ka yanko guɗar kakarka Inna, Allah ya jiƙanta, daga sautin kaset ɗin ranar sunanka wanda ƙanwarka ta tura zauren gida na WhatsApp, kana so ta riƙa tashi a kwamfutar ofis duk sanda wasiƙa ta shigo, amma manhajar ta ƙi, ko ƙis ba ta cewa. Ka ce kuma da ka ba Ummanka labari sai ta yi shiru ta kawo wani zancen, shi ne kake tambaya ko akwai abin da al'ada ta hana a ciki. Bari in fara da na'ura, ita ce mai sauƙin.

Ƙanwarka kanga waya ta yi a bakin rediyo ta danna alamar makirufo. Duk abin da WhatsApp ya naɗa ta wannan hanyar a tsarin Opus yake ajiye shi, wanda ke matse sauti ya zama ƙarami don kada ya ci data. Wayarka ta san shi, VLC mai kunna sauti da bidiyo ma ya san shi, shi ya sa kake jin guɗar a can. Amma wurin da Windows ke ɗaukar sautin sanarwa WAV kaɗai ya sani, tsohon tsarin da Microsoft da IBM suka fitar a 1991, kuma manhajojin wasiƙa da yawa a kansa suka dogara. Ka ce ka riga ka sauya ƙarshen sunan fayil ɗin ya koma wav. To ai ka rubuta "shinkafa" ne a jikin buhun gero, abin da ke ciki bai motsa ba. In kana son ka gani da idonka, buɗe fayil ɗin da Notepad. Za ka ga tarkacen alamomi cike da allo, kada ka damu da su, dubi haruffa huɗun farko kawai. WAV na gaskiya da RIFF yake farawa. Naka OggS za ka gani. Ka rufe ba tare da ka adana komai ba. Wata kila ma sunan bai sauya ba sam, don Windows na ɓoye ƙarshen sunan fayil sai ka umarce shi ya nuna, sai mutum ya zaci ya gyara alhali wutsiya biyu ya yi wa sunan.

Juya shi za ka yi. Ka sauke Audacity mai gyaran sauti, kyauta ne tun fitowarsa a 2000. Sabon yana buɗe Opus kai tsaye, in kuwa tsoho gare ka ya ƙi, VLC zai juya maka. Wajen fitarwa ka zaɓi WAV, PCM, 16-bit, 44,100, wato ma'aunin faifan CD. Nan mutane ke tuntuɓe: sai su ga 32-bit su ce ai babba ya fi, alhali tsofaffin manhajoji da dama ba sa karanta shi, kuma ba za su gaya maka dalili ba, shiru kawai za su yi. Ka kuma taƙaita shi. Minti ɗaya na irin wannan WAV ya kai megabait 10, sanarwa kuwa daƙiƙa biyu ko uku ta isa.

In har yanzu shiru, ka duba ƙananan abubuwa. Ka cire ɗ mai ƙugiya daga sunan, ka rubuta guda kawai, don wasu manhajojin na ruɗewa da haruffanmu. Ka ajiye shi a cikin kwamfutar kanta, ba a filashi ba, kuma ba a babban fayil da ke zaune a intanet ba. Windows na da madaidaicin ƙara na kowace manhaja daban, ta yiwu ta wasiƙar ce kaɗai aka toshe wa baki. Ta yiwu kuma sautin na tafiya abin kunnenka na Bluetooth da ke cikin aljihun tebur. Kwamfutar ofis ce kuma, masu kula da ita kan kulle irin waɗannan sauye-sauyen.

Na gaya maka duk wannan don ka iya, zai yi maka amfani a wani sautin. Wannan dai ina ganin kada ka sa shi.

Ba na zarginka da rashin kunya. Kai jika ne, tsakanin jika da kaka wasa ne. Mijinta take kiranka, kai kuma kana ce mata ta tsufa za ka yi mata kishiya, ta bi ka da mafici kowa na dariya. Da tana raye ka ce za ka sa muryarta a kwamfuta, cewa za ta yi ka fara biyanta kuɗin goro. Da wannan idon kake kallon abin, kuma haƙƙinka ne.

Yaya, wato Ummanka, ba ta da wannan damar. Ita ce 'yar farin Inna. Na tashi a gidan nan ban taɓa jin Inna ta kama sunanta ba, sai dai "waccan" ko "yarinyar nan". Ba ta yabonta a gaban mutane, ba ta zama hira da ita yadda take yi da mu ƙanana. Ranar aurenta ma ɗaki ta shige, gwaggonninmu ne suka yi ta hidima. Yaran yanzu kukan ɗauka rashin so ne, alhali kunyar ɗan fari ce, kuma nauyinta a kan uwa yake fiye da kowa. Sai aka zo haihuwarka. Haihuwar fari ce, don haka gida Yaya ta dawo kamar yadda aka saba, Inna ce ta tsaya mata a kan wankan jego, ita ke dafa ruwa da asuba, ita ke dama kunun kanwa, har kwana arba'in suka cika. Ranar suna Yaya na ƙuryar ɗaki da mayafi a ka, don ita ma tata kunyar ta hau kanta, ba za ta nuna murna da kai a gaban jama'a ba. Da aka raɗa suna a zaure, labari ya shigo cikin gida, sai Inna ta kama hanci ta rangaɗa guɗar nan da kake ji. Jika ba ya cikin waɗanda ake jin kunya, don haka da sunanka ta fake. Amma duk matar da ke tsakar gidan nan ta san wa ake yi wa murnar sauka lafiya. Yaya daga ɗaki ta ji, kuma ba ta saba jin irin wannan daga bakin mahaifiyarta ba. Shi ne kake so ya riƙa tashi sau talatin a rana tsakanin takardar albashi da sanarwar taro.

Kuma kada ka jira ta ce maka kar ka yi. Kai ma ɗan fari ne, ita ma ba ta kama sunanka, ba za ta zauna tana yi maka bayanin abin da ke ranta ba. Shirun da ta yi ta sauya zance, amsarta ke nan, kuma ta san za ka zo wurina.

Ko da babu zancen Yaya, guɗa tana da muhallinta. Ana yin ta in an haihu, in an ɗaura aure, in an shigo da amarya ɗakinta, in an naɗa sarauta, in alhaji ya dawo. Mai jin ta daga bayan katanga ya san alheri ya sauka a gidan. Akwatin wasiƙa kuwa bai san alheri ba. Ran da saƙon rasuwar abokin aikinka zai shigo, da guɗar zai shigo. Mutanenmu sun daɗe da sanin cewa kowane sauti da mai shi da lokacinsa. Kakaki na sarki ne, attajiri komai dukiyarsa ba a busa masa shi. Tambari ba a kaɗa shi don nishaɗi, sai naɗin sarauta ko Sallah ko wani babban al'amari. Kalangu kuwa na mahauta ne da 'yan mata a dandali, ko'ina ya shiga ba laifi. Irin wannan dalilin ne ya sa malamai da yawa suka hana sa ayar Alƙur'ani a matsayin ƙarar waya: ana katse ta a tsakiya don amsa kira, tana kuma tashi a inda bai dace ba. Guɗa ba aya ba ce, kada ka ce Kawu ya haɗa su, amma katsewar iri ɗaya ce.

Sannan murya ce ta cikin gida, a taron mata aka yi ta. Ranar farko abokan aikinka za su tambaye ka mene ne wannan, rana ta uku wani zai fara kwaikwaya. Kai kanka kafin wata ya ƙare hannunka zai kai ga rage ƙara don tana damunka kana lissafi, kuma ba na so ka wayi gari kana yi wa muryar Inna tsaki.

Ajiye muryar kuwa abu ne mai kyau, kuma abin da ke hannunka bai kai a ajiye ba, rabinsa ƙarar fanka ce da kukan yara. Kaset ɗin yana cikin akwatin Gwaggonka. In ka karɓo, ka duba samansa, akwai 'yan ƙananan kunnuwa biyu na roba, ka karye su don kada wani ya naɗa wani abu a kai bisa kuskure. Ka sa biro a rami ka juya a hankali, in zaren ya manne kada ka ja da ƙarfi. Kada ka bar shi a mota cikin rana. Rediyona mai kaset yana nan da ransa, za mu haɗa shi da kwamfutarka da waya ta ramin abin kunne, mu naɗe gaba da baya dukka a WAV mu adana a wuri biyu, sannan mu fitar da MP3 ga 'yan uwa. Akwai addu'ar da kakanka ya yi a zaure a ciki, ina jin ba ka taɓa jin ta ba. Yaya ni zan kai mata nata, ba kai ba.

Wasiƙunka kuwa ka sa musu ɗan kiɗan kalangu, zai gwada maka ko juyawar ta yi daidai. Ka zo ranar Asabar bayan la'asar, ka taho da cajar kwamfutar. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Kawunka.