Tambaya da Amsa: Me ya sa rundunata ke ƙarewa a Icewind Dale?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Zariya, na daɗe ina buga Diablo II, har na gama shi sau biyu. Wani abokina ya ce in gwada Icewind Dale, wai shi ma sara da suka ne, sai dai mutum shida kake ja maimakon ɗaya. Na sa sabon bugun a laftof, na haɗa mayaƙa huɗu da matsafa biyu. Da farko komai lafiya lau, amma tun da na shiga kogon Dragon's Eye na rasa gane kan wasan. Mutanena sai kai sara suke suna kuskure, matsafan da an taɓa su sun zube, ga wasu dodanni da ake kira troll, in na kashe su sai su sake tashi. Kuma in na sa wa mutum sulke mai kyau sai in ga lambar kariyarsa ta ragu. Gem ɗin ne ya lalace, ko in sake daga farko?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gem ɗinka lafiyarsa ƙalau, kuma kada ka sake daga farko. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, amma bai gaya maka duka ba. Diablo II da Icewind Dale sun fito ne a ƙarshen watan Yunin 2000, kuma tun a lokacin mutane ke haɗa su saboda a ido sun yi kama: ana kallo daga sama, ana shiga koguna, ana kashe dodanni a kwashe ganima. A cikin Diablo kai ne jarumin, saurin yatsanka ne ke cin yaƙi. A Icewind Dale kuwa kai madawaki ne, aikinka tsara mutane da ba da umarni, takobi yana hannun wasu. Wanda ya shigo da hannun Diablo yakan sha da ƙyar a wuraren farkon wasan, wato Easthaven da Kuldahar da Vale of Shadows, sai Dragon's Eye ya tare shi. Inda ya tare ka kenan, kuma ba kai kaɗai ba ne.

Dalili shi ne abin da ke ƙarƙashin wasan. Black Isle Studios suka gina shi a kan injin da BioWare ta yi wa Baldur's Gate, dokokinsa kuma na Dungeons & Dragons ne bugu na biyu, wasan da asali a kan tebur ake yi da takarda da fensir da ɗan lido. Sabon bugun da ke hannunka, wanda Beamdog suka fitar a 2014, ya ƙara abubuwa da yawa amma bai taɓa wannan tushen ba. Duk saran da ka ga mayaƙinka ya kai, kwamfuta ta jefa ɗan lido mai fuska 20 a ɓoye. Faɗan ma zagaye-zagaye ne, kowane zagaye daƙiƙa 6, kuma mayaƙi ɗan farko sara ɗaya yake da shi a zagaye. Sauran wulwula takobin da kake gani ado ne kawai. Ko ka danna linzami sau ɗari, ba zai ƙara masa sara ko ɗaya ba.

Bari in warware maka zancen sulke, don shi ya fi rikita sabbin shiga. A wannan tsarin, lambar kariya in ta yi ƙasa ita ce mai kyau. Mutum ba sulke yana kan 10. Rigar fata ta kai shi 8, sulken sarƙa 5, sulken faranti 3, in ya ɗauki garkuwa ya ƙara sauka, har ya wuce sifili ya shiga lambobi masu alamar ragewa. Ashe sulken da ka ga ya rage lamba aikinsa ya yi. Akwai wata lambar kuma a shafin kowane mutum, THAC0, ita ma ƙanƙantarta ake so. Lissafin ba wuya: ka cire lambar kariyar abokin gaba daga THAC0 ɗinka, abin da ya rage shi ne mafi ƙarancin abin da ɗan lido zai nuna kafin sara ya shiga. Mayaƙi ɗan matakin farko yana da 20. In dodon yana kan 6, sai an jefa 14 ko sama, wato fuska 7 cikin 20. In dodon yana kan 2, sai 18, fuska 3 kacal. Mayaƙi yana rage 1 a kowane mataki, matsafi kuwa sai ya hau mataki uku kafin ya rage 1. To ka ga dalilin da bai kamata matsafi ya kusanci dodo da sanda ba. Ka kuma duba ko makamin da ka ba kowa shi ne wanda ka sa masa ɗigon ƙwarewa a kai lokacin da kake ƙirƙirarsa. Na sha ganin wanda ya zuba ƙwarewa a takobi, sannan ya tsinci gatari mai sheƙi ya miƙa masa, yana mamakin yadda ya koma kamar makaho.

Babban makaminka dai shi ne dogon maɓallin nan na ƙasan allon rubutu, wanda ke dakatar da wasa. Da an ga abokin gaba, ka danna shi. Duniya ta tsaya cak, kai kuma ka bi mutanenka ɗaya bayan ɗaya: wannan ya tare ƙofa, wancan ya harbi mai tsafin da ke baya, wancan ya ja da baya ya sha magani. Ka saki, daƙiƙa uku ko huɗu ka sake tsayarwa. Ni a faɗa mai zafi nakan tsayar fiye da sau ashirin, kuma ba na jin kunyar haka, don masu wasan sun yi shi ne a buga shi a haka. A cikin saituna ma akwai inda za ka ce ya riƙa tsayawa da kansa in an hango abokin gaba, ko an gano tarko, ko wani ya ji mummunan rauni. Ka kunna waɗannan ukun yau ɗin nan.

Sai batun rundunar taka. Mayaƙa huɗu da matsafa biyu, ba mai warkarwa, ba ɓarawo. Gaskiya na yaba maka da ka iso Dragon's Eye da su, don hanyar da ka biyo cike take da tarkuna da ƙwarangwal. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kai kuma hannu iri ɗaya ka jera har huɗu. Mai warkarwa, wanda wasan ke kira Cleric, shi ne ginshiƙi: yana sa sulke mai nauyi ya tsaya a sahun gaba, yana warkar da rauni, yana korar matattu masu tafiya, yana da addu'o'in da ke ƙara wa kowa ƙarfi kafin a gwabza. Ɓarawo kuma shi ke gano tarko ya kwance, ya buɗe akwati, ya laɓe ya leƙo maka abin da ke gaba. Matsafi biyu a wannan gem ɗin asara ce a ganina. Matsafi ba ya samun sabon tsafi don ya hau mataki, sai ya kwafa daga takarda, takardun kuwa a Icewind Dale ba su da yawa, ɗan abin da Orrick ke sayarwa a hasumiyarsa ta Kuldahar da wanda ka tsinta a hanya ne. In ka raba su biyu, kowa ya tashi da rabin ilimi.

Gyaran ba ya bukatar komawa Easthaven. Wasan yana ba ka damar cire mutum daga runduna ka ƙirƙiri sabo a tsakiyar tafiya. Ka kwashe kayan mayaƙi ɗaya da matsafi ɗaya, ka sallame su, ka kawo mai warkarwa da ɓarawo. Za su fara daga matakin farko, amma kada wannan ya dame ka, don makin da ake bukata kafin a hau mataki ninkawa yake yi: mai warkarwa yana hawa mataki na 2 da maki 1,500, na 3 da 3,000, na 4 da 6,000, ɓarawo ma ya fi shi sauri, 1,250 ya ishe shi hawan farko. Da irin makin da dodannin Dragon's Eye ke bayarwa, kafin ka gama hawa biyu na kogon sun kusa kamo yayyensu. Ka dai ajiye su a baya da majajjawa da baka har su yi ƙwari. In ɓarawon ya zama haɗin mayaƙi da ɓarawo, ya fi, sai ya zame maka maharbi. Akwai kuma wata hanyar ga wanda mayaƙinsa ɗan Adam ne mai ƙarfi 15 da hikima 17, zai iya sauya sana'a ya koma mai warkarwa, amma ba kasafai sabon shiga ke ba mayaƙi hikima haka ba.

Da ni ne ke haɗa sabuwar runduna, kujera ta shida ta maroƙi ce, wanda suke kira Bard. Mutane suna raina shi don ba ya sara. Mu kam bai kamata mu raina shi ba, mun san abin da kirari da tambari ke yi wa namiji a fagen fama. A wannan wasan waƙoƙinsa iri-iri ne, kuma a mataki na 11 yana samun wadda ke sa raunin duk rundunar ya riƙa warkewa da kansa muddin yana rerawa.

Yanzu ga troll. Ba kashe su kake yi ba, sumar da su kake yi. Jikinsu yana haɗewa da kansa, in sun faɗi ka bar su, jim kaɗan za su miƙe. Wuta ko asid ne kawai ke gama su, kuma ɗan kaɗan ya isa in suna kwance. Don haka kada ka ɓarnatar da wutarka a kan mai tsaye. Mayaƙa su sare shi har ya faɗi, ka dakatar da wasa, sannan a ɗana masa wuta: kwalbar mai mai kamawa, ko kibiyar wuta, ko tsafin Burning Hands na matakin farko, ko Melf's Acid Arrow na mataki na biyu. Kafin ka koma hawa na biyu na kogon, ka ƙirga abin wutar da ke jakarka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Irin wannan dokar tana nan a kan wasu halittun ma: ƙwarangwal ba ya jin kibiya da tsinin mashi sosai, kulki da guduma ne maganinsa, shi ya sa yana da kyau kowane mayaƙi ya rataya makami na biyu mai dukan ƙashi.

Matsafinka da ya rage kuma ka daina kallonsa a matsayin mai kisa, a yanzu dai. Ɗan lidon lafiyarsa mai fuska 4 ne a kowane mataki, na mayaƙi mai fuska 10, ba ya iya tsafi da sulke a jiki, kuma in aka buge shi yana tsakiyar karanta tsafi, tsafin ya lalace a banza. Amfaninsa shi ne ya hana abokan gaba motsi. Tsafin Sleep yana kwantar da tarin ƙananan dodanni lokaci guda, ko da yake ba ya kama matattu, kuma ƙarfinsa yana raguwa yayin da dodanni ke girma. Web shi ne abokin tafiyarka a Dragon's Eye: ka shimfiɗa yanar a bakin wata ƙofa ko lungu, ɓarawo ya je ya tsokano su ya dawo da gudu, su maƙale, maharba su yi ta ruwan kibau, baka kuwa harbi biyu yake yi a zagaye. Sai dai yanar ba ta san naka ba, duk wanda ya taka ta kama shi, gizo-gizon kogon kuma ba ta riƙe su. Haka Fireball, wanda matsafi ke iya riƙewa daga mataki na 5 da maki 20,000. Ranar da na fara samunsa, murna ta sa na jefa shi tsakiyar faɗa, na gasa mayaƙana biyu tare da abokan gaba. A jefa shi tun kafin a haɗu, daga nesa, sannan a rufa da takubba.

Hutu ma dabara ce. Tsafi da addu'a ba sa dawowa sai an yi barcin awa 8, kuma barci a cikin kogo yakan jawo farmaki. In ka ga magani ya ƙare, tsafi ya ƙare, ka fita ka koma Kuldahar, ka sayar da ganima wurin Conlan maƙeri, ka kwana a masauki, ka cika kwari da kibau. Tafiyar tana da ban haushi, na sani, hawa biyar ne kogon, amma ta fi a yi ta ɗauko gawa. Harafin Q yana adana wasa nan take. Ka danna shi kafin kowace ƙofa da bayan kowane faɗa, balle mu da wuta ke iya ɗaukewa batirin laftof kuma ya tsufa. Ka kuma adana kafin matsafi ya kwafi takarda, don a matakin wahala na ainihin dokoki kwafin yana iya faɗuwa takardar ta salwanta.

Abu na ƙarshe, ba tare da na ɓata maka labari ba. A hawa na huɗu za ka tarar da wasu masu fararen kalamai da suka ce su bayin zaman lafiya ne. Ka leƙa ɗakunansu da kyau kafin ka saki jiki. A hawa na biyar kuma, wadda ke jiran ka a ɗakin ƙarshe makami na yau da kullum ba ya cin ta, sai mai alamar +2 ko sama, kuma ƙasan ɗakin nata duk tarko ne. Ka raba irin waɗannan makaman ga mayaƙanka tun kafin ka buɗe ƙofar, ka sha duk maganin ƙarfin da kake ta ɓoyo, sannan ka jawo ta waje zuwa inda ka riga ka share, ka fara da maharban da ke gefenta.