Kyamara ta biyu: kar ka canza gida

Tambaya: Salam Malam. Ni a Jidda nake wajen Karantina, ɗaukar hoto ba shi ne shugul ɗina ba, sha'awa ce kawai, amma duk suna ko walimar 'yan uwa ni ake kira. Canon 80D gare ni da lens biyu. Satin da ya wuce ana tsaka da walimar ƙanina a istiraha, wato wurin biki na haya, sai ta rubuto min Err 20 ta tsaya cak, da waya na ƙarasa, kunya kamar in nutse. Ina so in ƙaro ta biyu, abokina ya ce Sony a6400 ake yayi. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a auren. Sony ɗin nan ba ta da laifi wallahi, amma ba ita ce maganinka ba. Bakin lens ɗinta daban da na Canon, batirinta NP-FW50 ne, naka LP-E6N, kaga ke nan sabon lens, sabuwar caja, sabon menu da za ka tsaya lalube alhali ango ya riga ya shigo ana ta musabaha. Ranar da babbar ta mutu so kake ka zare lens da batir ka zura a ɗayar ka ci gaba, ko na kusa da kai bai lura ba.

Don haka zauna a gidan Canon. In aljihu ba nauyi nemi wata 80D ɗin ko 70D ta hannu, batirinsu ɗaya da taka. 2000D ta fi araha kuma za ta karɓi lens ɗinka, sai dai batirinta LP-E10 ne, ka koma ɗaukar caja biyu. 6D kuwa kar arahar ta ruɗe ka, in lens ɗinka EF-S ne irin 18-135 da ake haɗowa da 80D ba zai hau kanta ba sam. In kuma da hali, ni da ni ne R7 zan saya, wadda ta fito 2022, in sa mata adafta don lens ɗinka su hau, tana cin batirinka, ga ramin memori biyu, sai a gyara 80D ta zama ita ce ta ko-ta-kwana. Err 20 ɗin nan matsalar ƙarafan ciki ce, yawanci shata (labulen da ke buɗewa ya rufe in ka ɗauki hoto) ko madubi, kuma ana gyarawa.

In ta Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, za ka saya kar ka tura riyal ko ɗaya sai kun haɗu da mai ita ido da ido. Tambayi adadin bugun shata, 80D wajen 100,000 aka yi mata, in ta kusa can ka rage kuɗi sosai ko ka haƙura. Ɗauki farin bango a f/22, wato ka tsuke ƙofar hasken lens sosai, ka zuƙo hoton, duk ƙura da tabon ciki za su fito. Sannan ka cire lens ka haska fitilar waya a ciki, damshin Jidda ba ya wasa, in ka ga wani abu kamar yanar gizo-gizo a gilashin to fumfuna ce, ka ce masa Allah ya kawo kasuwa. Kuma dan Allah kar ka saya ka jefa a durowa sai ranar tsiya, a nan batir ke mutuwa fumfuna ta samu gida. Rataya su biyun, ɗaya da 50mm ɗaya da zum, ka ma huta da canza lens cikin ƙura. Barin ta a mota da rana kuwa, ba sai na faɗa ba.

Tambaya: Ni a Makka nake, Shara Mansur, ina ɗaukar bikin ƙawaye ɓangaren mata. Wayata ba za ta isa ta zama ta biyu ba?

Amsa: 'Yar'uwa da rana a tsakar gida ta isa har ta yi yawa. Amma a ɗakin biki da dare, fitilu masu launi, amarya na tafiya, sai ki ga fuska ta dame. Kuma kin fi ni sanin cewa da yawan wuraren bikin mata a ƙofa ake karɓe waya, ke da aka yarda ki shiga da kyamara ba lallai a bar ki ki zaro waya ba. Fara da batir na biyu da memori na biyu tukunna, su suka fi yawan kunyata mutum, in kin tara sai ki nemo ta hannu irin taki.