Amsa ga Alhaji kan hoton jirgin ruwa

Alhaji, na ga abin da ka rubuta a zauren dangi ƙarƙashin hoton 'yar ƙanena da angonta a kan jirgin ruwa: "Hausawan Kamaru yanzu kyaftin ke ɗaura musu aure?" Sai da na kwana biyu kafin in amsa, don maganar ta sosa mini rai.

A Garwa aka ɗaura auren nan, a ƙofar gidanmu da ke unguwar Hausare, kan tabarma. Ni ne waliyyi, tunda mahaifinta Allah ya yi masa rasuwa. An yanka sadaki an biya lakadan, liman ya shafa fatiha, maroƙi ya yi shela, aka raba goro da dabino. Kamu da lalle da kai amarya kuwa ba sai na faɗa maka ba.

Daga nan muka je ofishin magajin gari, wanda muke ce wa meri. Dokar 1981 ce ta tsara haka: a manna sanarwa wata guda kafin ranar, a tambayi ango ko mace ɗaya ya zaɓa ko fiye, a rubuta a takarda. Ba raina fatiha muka yi ba. In babu takardar nan, yarinyar ba za ta sami bizar bin mijinta Faransa ba.

Jirgin sai bayan wata biyar, da ta tare a Marsel. Irin manyan nan ne na yawon shaƙatawa, mako guda suna zagaya Bahar Rum, su tsaya Barselona, su tsaya Malta, su komo. Abokan aikinsa da ba su iya zuwa Garwa ba su ne suka haɗa musu 'yar walima a ciki, ita kuma ta sake sa leshinta na biki. Mai fararen kayan da ka gani ma'aikacin jirgin ne, barka ya zo yi musu. Kyaftin ma ba ya ɗaura wa kowa aure sai in ƙasar da jirgin ya yi rajista ta ba shi iko, kamar Malta ko Bamuda. Ni kaina tafiyar ba ta kwanta mini ba, kuma na gaya wa yaron: kuɗi ne masu yawa, ga mashaya da gidan caca a ciki. Ya ce kifi suka yi ta ci, salla kuma a ɗaki, yana duba alƙibla a waya don jirgin juyawa yake. Na yarda da shi.

Amma na san ba jirgin ne ya tsaya maka a rai ba. Angon ne. Ka ji an ce Bafali ne, mutanen dutsen Tingilin. Haka ne. Kakansa ne ya musulunta, mahaifinsa ya fi shekara ashirin yana kiran salla a masallacinsu, shi kuma yaron a allo ɗaya ya tashi da 'ya'yana. Da wane baki zan hana shi? Kakanmu da ya baro Kano da fataucin goro da baƙin rini, da ya ce sai Bahaushiya tsantsa zai aura, da ba a haife mu ba. Bafulatana ya aura, uwata ma Bafulatana ce. Ku da gidan Dabo ke sarautar birninku tun 1819, ban ji kun taɓa cewa auren Fulani ya rage wa Kano Hausa ba.

Yaranmu Fulatanci suke yi a kasuwa, Faransanci a aji, Hausa a gida. In sun zo hutu wurinku suka ce lakwal, sai a fashe da dariya a ce musu 'yan Faranshi, alhali naku sukul suke cewa. Ƙaramar 'yata ta dawo daga bikin bara tana cewa ba za ta ƙara zuwa ba. Wannan ya fi maganar jirgin yi mini ciwo.

Ruwa kuwa ba baƙonmu ba ne. Babana dako ya yi a tashar jirgin ruwa ta Garwa, lokacin da jirage ke hawo Binuwai daga Najeriya a tsakiyar damina, su sauke gishiri da siminti, su ɗauki auduga da gyaɗa. Madatsar Lagdo da aka gama a 1982 ta tarar da harkar ta riga ta ja baya. Ita ma Inna a kwalekwale aka kawo ta daga ƙauyensu ta wajen Barnake, da ƙoren jerenta da 'yan rakiya suna guɗa. Har ta rasu tana ba mu labarin yadda ta ƙanƙame gwaggonta don tsoron dorina.

Takardar da liman ya rubuta da ajami, da sunayen shaidu da adadin sadaki, tana akwatina. In Allah ya kawo ka Yola, ka ƙaraso Garwa ka gan ta da idonka. Ka gaishe mini da Hajiya da yara.