Haukan Hamlet: na gangan ne ko da gaske ya taɓu?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce a sashen adabi, muna nazarin wasan kwaikwayon Hamlet na Shakespeare. Gardama ta kaure a ajinmu. Wasu sun ce haukan gangan yake don ya rama kisan mahaifinsa, wasu sun ce da gaske ya taɓu. A matsayinka na likitan ƙwaƙwalwa, ya kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, amma masu cewa gangan ne kawai sun yi gaggawa.

Hujjarsu tana ƙarshen kashi na ɗaya. Bayan fatalwar mahaifinsa, marigayi sarkin Denmak, ta faɗa masa cewa baffansa Claudius ne ya ɗiga masa guba a kunne yana barci a lambu, Hamlet da bakinsa ya gaya wa amininsa Horatio da mai gadi Marcellus cewa zai iya shiga rigar mahaukata, ya sa suka rantse ba za su tona ba. Kuma in kin lura, shirmen da yake yi wa Polonius, babban bafaden sarki, duk habaici ne mai kaifi. Shi kansa tsohon sai da ya ce wannan hauka akwai tsari a cikinsa.

To amma koma baya kaɗan, fitowa ta biyu. A nan bai ga fatalwa ba, bai san kisa aka yi ba, ba shi da dalilin yaudarar kowa. Fada ta watse, ya rage shi kaɗai, sai ga shi yana fatan jikinsa ya narke, yana cewa ina ma Ubangiji bai haramta kashe kai ba, duniya duk ta fita daga ransa. Wa yake yi wa wasan a nan? Daga baya ya gaya wa abokan ƙuruciyarsa Rosencrantz da Guildenstern cewa walwalarsa ta gushe, ya bar motsa jikin da ya saba, kuma yana munanan mafarkai. Da wani zai zauna gabana a asibiti ya jero waɗannan, ciwon damuwa zan fara tunani, kuma ba zan bar shi ya tashi ba sai na tambaye shi ko yana tunanin halaka kansa.

Dubi abin da ya taru a kansa. Ya baro karatu a Wittenberg ta ƙasar Jamus ya dawo Denmak makokin uba, sai ya tarar da biki. Mahaifiyarsa Gertrude ta auri ƙanin mijinta ba a cika wata biyu ba, baffan kuma ya haye karaga. Mu da muka san takaba ta wata huɗu da kwana goma ba ma bukatar a yi mana bayanin zafin wannan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka hana shi jimami. A gaban fadawa, yana sanye da baƙaƙen kaya, Claudius ya ce masa baƙin cikinsa taurin kai ne da rashin mazantaka, ai kowane uba ya rasa nasa uban. Abokan ƙuruciyarsa an mayar da su 'yan leƙen asiri, budurwarsa Ophelia an hana ta kula shi. Horatio kaɗai ya rage masa.

Duk da haka ba zan rubuta masa sunan cuta ba. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ba a kiran alhinin rashi cuta sai ya kai wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa, littafin likitocin Amurka na 2022 kuwa shekara guda ya ce ga baligi. A kashi na uku Ophelia ta ce wata huɗu ke nan da rasuwar. Sannan a zamanin da aka rubuta wasan, wajen 1600, likitocin Ingila suna danganta irin wannan hali da yawan baƙar matsarmama a jiki. Timothy Bright ya yi littafi a kai a 1586. Da wannan ido 'yan kallon farko suka kalle shi.

Wurin da ya fi ɗaure kai shi ne ɗakin Gertrude. Fatalwar da masu gadi da Horatio suka gani a farko, wannan karon shi kaɗai yake ganinta, uwar tana kallon iska. A ɗakin nan ya soki labule da takobi ya kashe Polonius ba tare da ya duba waye ba. Mai wasan hauka ba ya kuskuren da zai rushe masa shiri haka. Can gaba ma, da yake neman gafarar Laertes ɗan Polonius, haukansa ya ɗora wa laifin.

In kuna son ganin yadda Shakespeare yake zana taɓin hankali marar shakka, ku karanta kashi na huɗu, fitowa ta biyar. Ophelia, bayan masoyinta Hamlet ya kashe mahaifinta Polonius, tana yawo a fada tana waƙe-waƙen mutuwa da na yaudarar 'yan mata, tana raba furanni. Ba ta yi wa kowa alkawarin yin gangan ba. Da ta nitse a rafi, malamin coci ya taƙaita addu'ar binne ta, ya ce mutuwar tata akwai kokwanto.