Amsa: Akwai tsohon bawa da ya taɓa shiga majalisar Amurka?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai bawan da ya samu kujerar siyasa a Amurka bayan an hana bauta a 1865. Akwai mana, ka nemi labarin Robert Smalls. A garin Beaufort na jihar South Carolina aka haife shi a 1839, yana bawa. A watan Mayun 1862 ana tsaka da yaƙin basasar Amurka tsakanin Arewa da Kudu mai son ci gaba da bauta, ya ɗauke jirgin ruwan sojojin Kudu mai suna Planter daga tashar ruwan birnin Charleston, da matarsa da 'ya'yansa a ciki, ya kai wa sojojin Arewa, wallahi ba ƙaramar zuciya ba ce wannan.

Daga baya ya sayi gidan ubangidansa, kuma da matar ubangidan ta tsufa ya bar ta ta zauna a ciki, wannan ɓangaren ne ya fi taɓa ni gaskiya. Ya shiga majalisar jiha ya tsaya kai da fata kan makarantun gwamnati kyauta, sannan a 1874 aka zaɓe shi majalisar wakilai ta tarayya. A 1895 a gabansa aka rubuta tsarin mulkin jiha da ya ƙwace wa baƙaƙe ƙuri'a duk da ya yi ta adawa. Ya rasu a 1915 a wancan gidan.