Yadda ake ƙiyasta mamatan da ba a rubuta sunayensu ba

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda ake sanin adadin waɗanda aka kashe a rikicin siyasa alhali ba kowa aka rubuta ba. Wata hanya da ake dogara da ita ita ce haɗa rajistoci daban-daban a duba inda sunaye suka maimaitu.

A ce coci ta rubuta mutum 100, wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta rubuta 80, sai aka tarar 20 suna cikin duka biyun. A ninka 100 da 80, a raba da 20, ƙiyasin ya zama 400. Idan maimaicin ya yi kaɗan, alama ce cewa waɗanda ba a rubuta ba suna da yawa.

Haka aka yi a ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka. A 2003 hukumar binciken gaskiya ta ƙiyasta mutum 69,280 da aka kashe ko suka ɓace tsakanin 1980 da 2000, yawancinsu talakawan karkara masu magana da harshen Kecuwa, musamman a yankin Ayakuco.

Sai dai fa a kula: idan rajistocin sun kwafi juna, ko duk a birni aka tattara su, lissafin zai gaza. Shi ya sa ake neman rajista uku ko fiye, kuma a lissafa kowane yanki daban.